Fis da Makulli: Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar Mota Kayan Lantarki Ba Tare da Gobara Ba

Gabatarwa

Duk ranar Alhamis, tun da sanyin safiya, hanyoyin da suka nufi Maigatari sukan cika da motoci. Wasu daga Gumel suke, wasu daga Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu kuma sun ƙetaro ne daga ƙasar Nijar, kowa yana hanzarin riskar kasuwar dabbobin nan da ta yi suna a Afirka ta Yamma. Wanda ya tsaya ya ƙare wa motocin kallo zai ga cewa wasunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Akwai Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Akwai bas ƙirar J5, wadda aka fara ƙerawa a Turai a 1981. Akwai kuma tsofaffin Toyota Hiace da manyan motocin dakon shanu.

Waɗanda suka tsara wayoyin waɗannan motoci ba su san da zuwan wayar salula ba, wadda sai a 2001 ta fara yaɗuwa a Nijeriya. Don haka kusan kowace daga cikinsu an ƙara mata wani abu daga baya: cajar waya, rediyo mai manyan lasifika, fanka saboda zafin bazara, fitilun ciki, ko ƙarin fitilu a gaba don tafiyar dare. A ƙasashen Turai da Amurka ma ana yin irin wannan ƙari. Can akan ɗauki tsohuwar bas kamar Volkswagen Kombi ko ita J5 ɗin, a mayar da ita ɗakin kwana mai tafiya, a sa mata gado da firji da fitilu. Buƙatar ta bambanta, amma kimiyyar ɗaya ce, haɗarin ma ɗaya ne. Wayar da aka ja ba bisa ƙa'ida ba tana iya kashe batir a dare ɗaya, tana kuma iya cinna wa mota wuta alhali tana ɗauke da fasinjoji da kaya.

Wannan darasi zai yi bayani a kan ƙa'idoji biyu da ke hana aukuwar haka. Ta farko, kowace waya da aka ƙara dole ne ta sami fis daidai da kaurinta, kuma a kusa da batir. Ta biyu, makullin mota umarni kawai zai bayar, ba shi zai ɗauki nauyin wutar ba.

Yadda Wuta ke Zagayawa a Mota

Batirin ƙaramar mota yana da kawuna biyu, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Wuta ba ta aiki sai ta sami hanyar da za ta fita daga kai ɗaya, ta ratsa ta cikin fitila ko fanka, ta komo ɗaya kan. Domin a rage yawan waya, masu ƙera motoci sukan ɗaure kan mai alamar ɗebewa a jikin ƙarfen motar. Ke nan gangar jikin motar baki ɗaya ita ce hanyar komowa. Wannan dabara tana da sauƙi da araha, amma tana nufin cewa duk inda wayar da ta fito daga kan tarawa ta goge ta taɓa ƙarfe, to wuta ta sami gajeriyar hanyar komawa gida.

Akwai ma'aunai huɗu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ana iya kwatanta su da ruwan da ke sauka daga tankin rijiyar burtsatse. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin a kai. Amfiya ita ce yawan wutar da ke kwarara, kamar yawan ruwan da ke wucewa ta bututu. Om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda hanya ke hana wuta wucewa, kamar ƙuncin bututu. Wat kuwa shi ne ƙarfin aikin da abu ke yi. Cikakken batir yana ba da kimanin bolt 12.6 idan inji yana kashe. Idan inji yana aiki, na'urar caji takan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Don sauƙin lissafi akan ɗauki bolt 12.

Wani masani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar ukun farko a 1827:

bolt = amfiya × om

Ƙa'ida ta biyu ita ce:

wat = bolt × amfiya

Alal misali, fankar da aka rubuta wat 24 a jikinta tana jan amfiya 2, domin 24 ÷ 12 = 2.

Daga Ina Gobara ke Tasowa?

A farkon shekarun 1840 wani masanin Ingila, James Joule, ya nuna cewa duk wayar da wuta ke bi tana yin zafi, kuma ana gane yawan zafin ta wannan hanya:

zafi = amfiya × amfiya × om

Abin lura a nan shi ne amfiya ta fito sau biyu. Idan wutar ta ninka sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Idan ta ninka sau goma, zafin zai ninka sau ɗari.

Turjiyar waya tana ƙaruwa da tsawonta, tana raguwa da kaurinta. Ana auna kaurin waya da faɗin bakinta idan an yanke ta, wato da murabba'in milimita. Ga wayar jan ƙarfe, ana ninka tsawonta a mita da 0.0175, sannan a raba da kaurinta. Wayar da ke da tsawon mita 3 da kauri 2.5 tana da turjiyar om 0.021. Idan amfiya 13 suna bin ta, zafin da take fitarwa bai kai wat 4 ba, kuma iska za ta kwashe shi ba tare da an ji ba.

To, a ɗauka girgizar hanya ta sa wannan waya ta yi ta gogar kaifin ƙarfe har robarta ta huje. Yanzu babu fanka ko fitila a tsakani da za ta taƙaita wutar. Batirin mota kuwa an yi shi ne don ya iya ba da ɗaruruwan amfiya lokacin tayar da inji, kuma zai tura su ta duk hanyar da ya samu. Idan amfiya 300 suka bi wannan waya, zafin zai zama 300 × 300 × 0.021, wato wat 1,890. Wannan ya fi zafin dutsen guga na lantarki, ga shi kuma an tattara shi a cikin 'yar siririyar waya. Robar da aka lulluɓe yawancin wayoyin mota da ita ba ta jure abin da ya wuce digiri 70 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas. Cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta narke, ta kama da wuta, ta lashi sauran wayoyin da aka ɗaure tare da ita. Idan akwai soson kujera a kusa, ko jarkar fetur da direba ya ajiye saboda nisan gidan mai, to sai dai a yi ta kai.

Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa mutane da yawa suke raina shi. Haɗarinsa yana cikin yawan amfiyar da batir zai iya saki a lokaci guda.

Fis da Aikinsa

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka sa a kan hanyar wuta da gangan domin ya zama wuri mafi rauni. A motoci akan yi shi da tutiya ko wani ƙarfe mai saurin narkewa. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, jan ƙarfe kuwa sai ya kai 1,085. Idan wuta ta yi yawa, fis zai narke ya yanke hanya tun waya ba ta yi zafi ba. Dabarar tsohuwa ce, domin Thomas Edison ya yi rajistar irin nasa fis ɗin a Amurka tun 1890.

Mutane da yawa suna zaton fis yana kare rediyo ne ko fanka. Babban aikinsa shi ne kare waya. Daga wannan fahimta abubuwa biyu suke fitowa.

Na farko shi ne wurin da za a sa shi. Fis yana kare abin da ke bayansa ne kawai. Idan aka ja waya mai tsawon mita 3 daga batir, aka sa fis a ƙarshenta kusa da rediyo, to duk mita ukun nan a buɗe suke ga haɗari. Mai gadi a bakin ƙofa yake zama, ba a ƙuryar ɗaki ba. Saboda haka a sa fis kusa da kan batir, kada tazarar ta wuce santimita 20.

Na biyu shi ne girmansa. Dole ne fis ya fi abin da kayan ke ja da kaɗan, don kada ya riƙa ƙonewa ba dalili, kuma dole ne kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Masu ƙera fis suna ba da shawarar kada a ɗora masa fiye da kashi 75 cikin 100 na lambar da ke jikinsa a aiki na yau da kullum. Hanya mai sauƙi ita ce a ninka amfiyar kayan da 1.25 ko fiye da haka kaɗan, sannan a ɗauki fis na gaba da sakamakon. A matsayin ƙiyasi na taka-tsantsan, wayar jan ƙarfe mai kauri 1 tana ɗaukar kimanin amfiya 8, mai 1.5 tana ɗaukar 12, mai 2.5 tana ɗaukar 20, mai 4 kuma tana ɗaukar 30. A yankin Gumel, inda zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ga kuma zafin inji, ya fi kyau a ɗauki wayar da ta ɗara ƙiyasin kauri. A kuma yi hattara da wata waya mai araha wadda alminiyam ce a ciki, aka shafe bayanta da jan ƙarfe. Alminiyam yana wuce da kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai wuce da shi. Idan aka kankare silin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, to ita ce.

Fis ɗin da ya fi yawa a kasuwa a yau shi ne na roba mai ƙafa biyu, wanda kamfanin Littelfuse ya fito da shi a 1976. Launinsa yana nuna girmansa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Tsofaffin motocin Jamus kuwa suna da wani dogon fis mai tsini a kai biyu, kuma launukansa daban ne: fari 8, ja 16, shuɗi 25. Ke nan jan fis a wannan mota ba shi ne jan fis a waccan ba. A karanta lambar, kada a dogara da launi kaɗai.

Idan fis ya ƙone, saƙo ne yake bayarwa cewa akwai matsala a wani wuri. Al'adar naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko cusa guntun waya ko ƙusa a gurbinsa, daidai take da korar mai gadi don ya yi ihun ɓarawo. Haka nan sa fis na 30 a gurbin na 10. Wutar za ta dawo, amma daga wannan lokaci wayar motar ce ta zama fis.

Makulli da Rile

Hanya mafi sauƙi ta haɗa fanka ita ce a ɗauko wuta kai tsaye daga batir. Illarta ita ce mantuwa. A ɗauka batir yana da ajiyar amfiya 60 na awa ɗaya, aka kuma bar fankoki biyu masu jan amfiya 4 suna juyawa tsawon awa 10 a tasha. Sun sha 4 × 10, wato 40 daga cikin 60. Da asuba motar ba za ta tashi ba sai da turi, kasuwa kuma ba ta jiran kowa. Daɗin daɗawa, batirin tayar da inji yana saurin lalacewa idan ana yawan zuƙe shi haka.

Maganin wannan shi ne a sa kayan su mutu da zarar an zare makulli. Amma a nan ma akwai tarko. Wasu sukan fere wayar da ta fito daga makulli su ɗaura sababbin kaya a kanta. Ƙarafan da ke haɗuwa a cikin makunnin tsohuwar mota ƙanana ne, shekaru da ƙura sun cinye su, kuma an yi su ne don nauyin da masana'anta ta ƙiyasta. Ƙarin amfiya 13 zai sa su yi zafi, robar da ke riƙe da su ta narke. Tunda ta nan wutar inji take bi, motar tana iya mutuwa a tsakiyar tafiya.

Abin da ke warware wannan matsala shi ne rile, wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana biyu ba. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe a jikin ƙarfe. Idan 'yar wuta kaɗan ta bi ta, ƙarfen yakan zama maganaɗisu, ya jawo wani harshe, harshen ya haɗa wata hanya dabam mai ɗaukar wuta mai yawa. Naɗin yana jan abin da bai wuce amfiya 0.2 ba, amma harshen yana iya wuce da amfiya 30 ko 40. Ke nan makulli ya zama mai gida, yana ba da umarni kawai, rile kuma shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar kayan.

A ƙarƙashin rile akwai ƙafafu masu lambobi, bisa wata ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552 wadda masu ƙera motoci da yawa suke bi. Lamba 30 ita ce ke karɓar wuta daga batir ta cikin fis. Lamba 87 ita ce ke kai wuta ga kayan. Lamba 86 ita ce ke karɓar umarni daga makulli. Lamba 85 kuma ana ɗaure ta a jikin mota. Wasu suna da ƙafa ta biyar, 87a, wadda ke da wuta a lokacin da rile yake kashe. A wannan aiki ba a buƙatarta, sai a rufe ta da roba. A bisa wannan ƙa'ida kuma, wayar da ke samun wuta bayan an murɗa makulli ita ce mai lamba 15, ta na'urar tayar da inji kuma 50.

Yawancin makullai suna da matsayi huɗu: kashe, sai wanda aka rubuta ACC, sai ON, sai na tayar da inji. Idan akwai ACC, daga nan ya fi kyau a ɗauko umarnin. Dalili kuwa, a tsofaffin motocin fetur, barin makulli a ON alhali inji ba ya aiki yana iya sa kwayil ya yi zafi har ya lalace. Kada kuma a ɗauko umarnin daga jikin kwayil ɗin kansa, domin a wasu motoci an rage wutar da ke isa gare shi zuwa ƙasa da bolt 12.

Misali da Lissafi

A ɗauka wani direban bas da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari yana son ƙara abubuwa huɗu. Rediyo mai wat 60 yana jan amfiya 5. Fankoki biyu masu wat 24 kowace suna jan amfiya 4. Cajar waya mai wat 36 tana jan amfiya 3. Fitilun ciki masu wat 12 suna jan amfiya 1. Jimla wat 156 ke nan, wato amfiya 13.

Babban fis: 13 × 1.25 = 16.25. Fis na gaba da wannan da aka fi samu shi ne na amfiya 20. Waya mai kauri 2.5 tana kan iyaka, don haka saboda zafin wurin inji sai a ɗauki mai kauri 4. A tsawon mita 3 turjiyarta om 0.013 ce, abin da za ta zubar a hanya kuma bolt 0.17 ne kawai. Da a ce an yi amfani da siririyar wayar lasifika mai kauri 0.5 a tsawon mita 6, da turjiyar ta kai om 0.21, ta zubar da bolt 2.7, ta kuma riƙa fitar da zafin wat 35 ko da babu inda ta goge.

Daga ƙafa ta 87 sai babbar wayar ta shiga wani ƙaramin akwatin fis, inda za ta rabu gida huɗu. Kowane reshe da siririyar wayarsa da nasa fis: rediyo 7.5, fankoki 7.5 saboda sukan ja ƙarin wuta a lokacin da suka fara juyawa, caja 5, fitilu 3. Waya mai kauri 1.5 ta wadatar da kowane reshe. Amfanin wannan rabo shi ne idan fanka ta lalace, fis ɗinta kaɗai zai ƙone, sauran su ci gaba da aiki, a kuma gane inda matsalar take nan take.

Abu na ƙarshe shi ne a duba ko na'urar caji za ta iya ɗaukar ƙarin. Ta tsofaffin ƙananan motoci da yawa ba ta wuce amfiya 35 zuwa 55 ba, manyan fitilun gaba biyu kaɗai kuma suna cin kusan 10. A tayar da inji, a kunna komai, a ɗan taka totur, a auna kawunan batir da mita. Idan ya gaza bolt 13, to ana cin batir ne maimakon cika shi.

Matakan Aiki

1. A cire zobe da agogon ƙarfe. A kashe taba, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

2. A duba wane kan batir ne aka ɗaure a jikin mota. Kusan kullum na ɗebewa ne, amma wasu motocin Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1960 na tarawa ne.

3. A nemo wayar ACC da fitilar gwaji ko mita. Ita ce wadda ba ta da wuta idan makulli yana kashe, take samu idan an murɗa shi mataki ɗaya.

4. A kwance kan batir na ɗebewa tukuna. Idan aka fara da na tarawa, sifana ta taɓa jikin mota, za a yi tartsatsi mai ƙona hannu.

5. A ɗaure rile a wurin da ruwa ba ya taruwa, ƙafafunsa suna kallon ƙasa. A ja siririyar waya daga ACC zuwa 86, a sa mata fis na amfiya 2 ko 3 a daidai inda aka ɗauko ta.

6. A ja babbar waya nesa da salansa da bututun mai da duk abin da ke juyawa. Inda za ta ratsa ƙarfe, a sa zoben roba a ramin. A ɗaure ta a jiki bayan kowane santimita 30 don kada ta yi lilo.

7. Kada a murɗe wayoyi biyu da hannu a naɗe da salatif kawai. A matse su da kan waya na ƙarfe, ko a like su da dalma, sannan a rufe. Haɗin da ya yi sako-sako yana ƙara turjiya, ya yi zafi, fis kuma ba zai ji ba domin amfiyar ba ta ƙaru ba.

8. A kankare fenti da tsatsa a inda za a ɗaure wayar komowa, har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure da noti.

9. A mayar da kan batir, a sa babban fis a ƙarshe. A murɗa makulli, a saurari ƙarar rile. A kunna kayan ɗaya bayan ɗaya. Bayan minti 10 a taɓa wayoyin. Wadda ta yi zafi tana da matsala. A zare makulli a tabbatar komai ya mutu.

10. A rubuta aikin kowane fis da girmansa a takarda, a ajiye a motar tare da fis na canji.

Batir na Biyu da Manyan Motoci

Wasu motoci suna buƙatar wuta ne a lokacin da suke tsaye, kamar motar da ake kwana a ciki, ko motar masu talla da lasifika a kasuwa. A nan akan sa batir na biyu domin kayan, a bar na farko don tayar da inji. Ana haɗa su da babban rile wanda ke rufewa sai inji ya tashi, don a caja su tare, ya kuma raba su idan inji ya mutu. Wayar da ke tsakaninsu tana samun wuta daga ɓangare biyu, saboda haka fis biyu take buƙata, ɗaya kusa da kowane batir. Idan batir na biyu yana cikin ɗakin fasinja, a ɗaure shi a akwati mai mafitar iska zuwa waje.

Manyan motocin dakon dabbobi kuwa da yawansu bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu a jere. Kuskure ne a ɗauko bolt 12 daga ɗaya daga cikinsu, domin ɗaya zai riƙa ramewa, ɗayan kuma yana shan cajin da ya yi masa yawa, har su lalace duka. A sayi na'urar da ke rage 24 zuwa 12, a kuma tabbatar rile ɗin na bolt 24 ne.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna aikin fis da batiran tocila biyu, da ƙwan tocila, da 'yan wayoyi. A yanko takardar azurfa siririya ƙwarai, faɗinta kamar milimita 1 a tsakiya, a ɗora ta a kan faranti mai yashi, a sa ta a cikin zagayen. Ƙwan zai kama. Sai a ɗauki guntun waya a haɗa ɓangarori biyu na ƙwan na ɗan lokaci. Ƙwan zai mutu, takardar ta yi zafi ta tsinke. A sake yi da takarda mai faɗi, ɗalibai su ga ba ta tsinke ba, batiran ne suka fara ɗumi; a cire wayar nan da nan. Daga nan za su gane abin da ke faruwa idan aka naɗe fis da takardar taba. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da batirin mota.

Kammalawa

Tsohuwar mota ita ce jarin iyali da yawa a masarautar Gumel, kuma a cikinta ake ɗaukar 'yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya. Kuɗin rile ɗaya da fis shida da 'yan mitocin waya mai kyau bai kai na taya ɗaya ba. Ɗalibin da ya iya raba wat da bolt ya riga ya mallaki rabin sana'ar. Zai iya tsayawa kusa da mai wayarin a tasha ya tambayi abu uku: ina fis ɗin yake, nawa ne girmansa idan aka gwada da kaurin wayar, kuma ta cikin makulli wutar take bi ko ta cikin rile?

Tambayoyi

1. Fitilu biyu masu wat 55 kowace, amfiya nawa suke ja a bolt 12? Wane fis da wace waya suka dace da su?

2. Me ya sa fis ɗin da aka sa kusa da rediyo ba ya kare wayar da ta taso daga batir?

3. Waya mai tsawon mita 5 da kauri 1 tana ɗauke da amfiya 6. A lissafa turjiyarta, da bolt ɗin da take zubarwa, da zafin da take fitarwa.

4. Batir mai ajiyar amfiya 70 na awa ɗaya, awa nawa zai ɗauka kafin kayan da ke jan amfiya 5 su sha rabinsa?

5. A zana hoton rile, a nuna inda kowace daga ƙafafu 30, 85, 86 da 87 take zuwa.